Makunnin Layin Bayan Kasuwa

Motar hukumar kula da wuta ta shigo tashar rarraba lantarki da hantsi, ba waya ba aike. Dogo ne, mataimakin Mai Tasha, ya fara hango tambarin da ke jikin ƙofarta. Ya ajiye kofin shayinsa a bakin taga, ya leƙa ɗakin na'urori ya ce, "Mai Tasha, baƙin nan da ake ta faɗa ne. Sun riga ranarsu."

Mai Tasha bai ɗago ba. Hannunsa ne kawai ya tafi aljihun rigarsa, inda wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa ya shekara biyu yana kwana yana tashi tare da shi.

Kowa a kamfanin ya san za a zo. Tun watan jiya da wuta ta faɗi a rabin ƙasar lokaci guda, famfuna suka bushe, masana'antu suka yi tsit, hukuma ta sha alwashin sai ta bi tasha-tasha ta ga inda aka yi sakaci. Dokar ba ta da wuyar ganewa. Dole kowane kamfani ya sa wa wasu layukansa wata na'ura da ma'aikata ke kira Alƙali, don ba ta sauraron roƙo. In masu jan wuta suka fi ƙarfin masu samar da ita har ta fara tangaɗi, Alƙali ya ba babban makunni umarni, a yanke waɗannan layukan nan take. A bar unguwanni kaɗan cikin duhu don kada ƙasa duka ta kife. Ran da abin ya faru, binciken hukuma ya nuna akwai layukan da ya kamata su fita ba su fita ba.

Ɗaya daga cikinsu layin bayan kasuwa ne. A kan layin nan gidan Mai Tasha yake, kuma a gidan, cikin ɗakin da tagarsa ke kallon titi, matarsa take, wadda duk unguwa ke kira Tela ko da yake ta daɗe da daina taka keke. Huhunta ya gaji. Da injin iska take numfashi, siririn bututu a hancinta, injin yana gurnani a gefen gado kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Ɗaukewar wuta ta yau da kullum ba ta damunsa, don shi ke fara sani, sai ya shirya gida. Alƙali ne ba ya sallama. Sama da shekara biyu da suka wuce ya yanke layin tana ita kaɗai, Mai Tasha ya dawo ya same ta a ƙasa bakin ƙofa, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ta yi watanni a babban ɗakin marasa lafiya tana kallon yadda ake fita da maƙwabtan gadonta ɗaya bayan ɗaya, an ja musu zane har ka. Ran da aka sallame ta, ta riƙe masa wuyan riga a cikin mota ta ce ko me zai faru kada ya sake kai ta wurin nan. A ɗakinta take so ta ƙare, tana jin hayaniyar titinsu. Ya yi mata alkawari.

Ya je wurin Manaja ya roƙa a cire layin daga hannun Alƙali. Manaja ya ce za a duba. Ya sake komawa, aka ce ana dubawa. Rannan sai ya buɗe akwatin Alƙali da kansa, ya zare ɗan ƙarfen da ke kai umarnin Alƙali ga makunni, ya jefa a aljihu. Dogo ya gani, ya ɗauke kai. Daga ranar, ko ɗaukewar yau da kullum ya daina bari ta kai layin, wutar bayan kasuwa ba ta ƙara ƙiftawa ba, har 'yan unguwa suka fara cewa albarkar Tela suke ci.

Niyyarsa ya mayar da ƙarfen ana gobe za a zo, ya duba tukunyar iskar da ke ajiye don ko-ta-kwana, ya tayar da janareta ya ji lafiyarsa. Duk ya bar su sai ƙarshen mako.

Ya miƙe ya nufi akwatin, amma ya makara. Sufeto ta riga ta tsaya a bakin ƙofa, mace ce mai matsakaicin shekaru, da hular kwano a ka da jaka a kafaɗa, abokin aikinta na bayanta da akwatin gwaji. Ta gaishe su cikin ladabi, ta nemi kowa ya ja da baya daga na'urorin. Ita da kanta ta riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo na bayan kasuwa sai ta tsaya. Gurbin ƙarfen na nan a buɗe kamar giɓin haƙori.

Ta tambayi wanda ke kula da akwatin. Mai Tasha ya ga ba amfanin jan magana. Ya ciro ƙarfen ya ɗora a kan tebur, ya gaya mata dalili a taƙaice, idonsa na kan takalminsa.

Kafin a ce me, Manaja ya iso yana sharce gumi, ya shiga rantse-rantse cewa bai taɓa jin wannan zance ba, kamfani ba ya wasa da doka, wannan aikin mutum ɗaya ne. Sufeto ta bar shi ya gama. Sannan ta ce doka yawan wutar da za a yanke ta faɗa, ba ta ce ta wace unguwa ba. Kamfani ke zaɓen layuka. In akwai mai numfashi da inji a kan layi, sai a sanar da hukuma, a musanya shi da wani, aikin da bai wuce sa hannu ba.

Mai Tasha ya ɗago ya dubi Manaja. Manaja ya sami abin karantawa a wayarsa.

Ta bayyana musu abin da ya rage. Za a mayar da ƙarfen, a gwada Alƙali gwajin gaske har makunni ya buɗe, wutar layin ta ɗauke, a mayar da wuta, ta sa hatimin hukuma a akwatin. Shi kuwa Mai Tasha daga yanzu ba shi da izinin taɓa komai a tashar sai kwamiti ya zauna a kansa. Ta ce saboda mara lafiyar, tana iya barin gwajin sai gobe don a shirya gida, sai dai su sani duk ranar da ta wuce ba a gyara ba, tarar kamfani ƙaruwa take.

Manaja ya ja shi bayan ƙofa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce in aka rufe maganar yau, zai tsaya masa a wurin kwamiti, wataƙila a tsaya a dakatarwa ba kora ba, kuma a satin nan zai sa hannu a musanya layin. In aka kai gobe, manyansa za su nemi wuyan da za su rataya wa laifin, shi kuma ba zai ba da nasa ba. Ai gwajin nawa yake? Buɗewa da rufewa ne.

Gaskiya ne, buɗewa da rufewa ne. Mai Tasha ya yi irinsa ba adadi. Ya ciro waya ya kira Auta, ƙanwar Tela, wadda ke wuni da ita in yana wurin aiki. Ya ce ta jawo tukunyar iska kusa da gado ta haɗa bututun, za a ɗauke wuta na ɗan lokaci.

"Yaya, lafiya? Ko an sauke ka daga sarautar ne ba mu ji ba?" in ji Auta.

"Ke dai yi abin da na ce, sarkin surutu. Kin buɗe ta?"

Ta ce ta buɗe, tana jin iska na fita. Sai ya ji an karɓe wayar, ga numfashin da ya fi sani a duniya, gajere, mai 'yar ƙara a ƙarshe.

"Sarkin Wuta," in ji Tela, "yau kai da kanka za ka ɗauke mana? Me muka yi maka, miyar jiya ce ba gishiri?"

"Ranki ya daɗe, kafin ki gama zagina ta dawo."

"To yi sauri, zagin nawa gajere ne yanzu."

Ya kashe wayar yana murmushi, ya juya ya ce wa Sufeto a yi yau. Ta sake tambayarsa ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata, ya san makunninsa.

Dogo ya mayar da ƙarfen. Abokin aikin Sufeto ya haɗa wayoyinsa, ya murɗa har Alƙali ya ɗauka wuta na tangaɗi. Daga filin waje suka ji makunnin ya buɗe da wata ƙara mai nauyi, ba irin tas ɗin da Mai Tasha ya saba ji ba. Ƙarar ta zo a makare, tana jan ƙafa. Nan take ya san ba lafiya ba.

Sufeto ta ce madalla, a mayar. Dogo ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, wani abu ya yi gunji a cikin ƙarfen ya tsaya.

Suka fita a guje. Dogo ya buɗe murfin makunnin, Mai Tasha ya leƙa ta kafaɗarsa, ya ga abin da ya riga ya sani. Makunni motsi yake so. Sauran na tashar suna buɗewa suna rufewa lokaci-lokaci, mai yana zagaya gaɓoɓinsu. Wannan kuwa shekara biyu ba wanda ya motsa shi, har ranakun duba shi Mai Tasha ya riƙa tsallakewa don kada wuta ta ɗauke a gida ko na ɗan lokaci. Man ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Da ƙyar ya buɗe, a wajen buɗewar kuma sandar da ke mayar da shi ta lanƙwashe.

Ya kai hannu ga akwatin kayan aiki, ya tuna an hana shi, ya tsaya da hannun a iska. Sufeto ta dube shi, ta dubi makunnin. Ta ce ya ɗauka, za ta rubuta cewa ita ta ba da umarni, in da laifi a kanta. Amma ta tambaye shi tsakani da Allah, yaushe zai gama? Ya lissafa a ransa: a nemi izinin cibiya, a kashe ɓangaren duka, a kwance, a nemo sanda a babban sito. Ya ce sai yamma, in an yi sa'a.

A nan wayarsa ta yi ƙara. Muryar Auta ba wasa a cikinta. Ta ce allurar da ke kan tukunyar tun farko ba a sama take ba, ita ba ta san ma'anarta ba, yanzu kuma ta kwanta a kan ja, iskar ta rage ƙarfi. Tukunyar ta shekara biyu a bayan ƙofa tana tsiyaya a hankali, ba wanda ya duba, don ba a taɓa bukatarta ba.

"Tafi," in ji Dogo, yana karɓe sifana daga hannunsa. "Ni zan yi nan."

Sufeto ba ta jira direba ba. Ita ta ja motar hukuma, Mai Tasha na gefenta yana nuna hanya da hannu. Sun yi gudu har mahaɗar kasuwa, a nan suka cije. Fitilun ba da hannu a kan layin suke, sun mutu, motoci sun sarƙe ta ko'ina, kowa na danna oda ba mai matsawa. Ya buɗe ƙofa ya dira. Ya bi ta tsakanin masu kayan miya, ya ture tiren wani, bai tsaya ba da haƙuri ba. Masu shaguna na tsaye a bakin ƙofofinsu suna mamakin wannan baƙon abu, wasu na ɗaga masa murya suna tsokana, yau kuma ina aka kai musu wutarsu.

Bai shiga ɗakin ba, janareta ya fara nufa a lungun tsakar gida. Ya yaye buhun da ya rufe shi, ya ja igiya. Ya ja, ya ja. Man da ke ciki ya tsufa ya yi warin fenti. A ja na ƙarshe igiyar ta tsinke ta bar masa mariƙin a hannu.

Tela na jingine da matasai, Auta na mata fifita da murfin kwali tana kuka ba sauti. Ƙirjinta na ɗagawa da sauri kamar na tsuntsu. Da ta gan shi ta yi ƙoƙarin murmushi. Da ta ga ya sunkuya ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta, ɗaya a bayanta, sai murmushin ya ɓace. Ta gane.

"A'a," ta ce. Ta nemi iska. "Ka yi alkawari."

Ya ɗauke ta, ba ta fi nauyin ƙunshin wanki ba. Ta riƙe labulen ƙofa da yatsu biyu, ya ci gaba da tafiya har labulen ya zame daga hannunta. Sufeto ta samu ta ɓullo ta bayan layi, tana bakin ƙofa da injin mota a kunne. Har suka isa asibiti idon Tela na kansa, bai iya dubanta ba.

An ceto ta. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin, amma abin da ya rage na huhun ya sha wuya, injin gida ba zai ƙara riƙe ta ba, sai babba na bangon asibiti. Aka kwantar da ita a ɗakin nan dai na da, gado na kusa da ƙarshe. Wutar bayan kasuwa ta dawo da yamma kamar yadda ya ce, Dogo ya kira ya gaya masa, ya ce to.

Tela ta farfaɗo ta ci gaba da zama Tela ga kowa. Tana tsokanar ma'aikatan jinya kan ɗinkin rigunansu, wai wanda ya yi musu hannun riga da ƙafa ya yi shi. Tana aiken Auta ta ɗebo mata labarin unguwa. Har Sufeto da ta zo dubiya da ledar lemo, tana ta ba da haƙuri, Tela ta ce mata ta daina, aikinta ta yi, da ma a ce kowa haka yake yin nasa. Mijinta kaɗai ne in ya shigo take juya fuska bango. Ya kan zauna a kujerar roba ya ba bayanta labari: ya gyara janareta, an cika tukunya, Manaja ya sa hannu an musanya layin. Ba ta ko motsi.

Ana gobe kwamiti zai zauna a kansa, ya zo da rana ya zauna kamar kullum. Labarinsa ya ƙare. Can sai ta juyo. Ta rame har idanunta sun yi mata yawa.

"Sarkin Wuta."

"Ranki ya daɗe."

"Ba fushi nake ba. In na dube ka ne sai in ga gida." Ta huta. "Kai ni. Yau."

Ya ce likita ya ce ba za ta kai ko'ina ba in aka cire ta daga bango. Ta ce ta ji likita, kunnenta lafiya lau, ba kwana ta tambaya ba, ɗakinta ta tambaya. Ya dubi bututun, ya dubi hannunta da ke cikin nasa. Ya san abin da take nema, ya san kuma shi zai ɗauke ta da hannunsa ya kai ta inda numfashin zai tsaya. Zuciyarsa ta kasa. Ya ce ta bari ya fita daga wurin kwamiti gobe, ya yi magana da babban likita, a ga yadda za a tsara, a duba.

Ta daɗe tana kallonsa. "Kai ma ka iya maganar manya," ta ce, ba da zafi ba. Ta bar hannunta a cikin nasa har barci ya ɗauke ta.

Kwamitin ya zauna da safe a wani ɗaki mai sanyi a hawa na sama, aka karɓe wayoyin kowa a bakin ƙofa. An yi ta karanta sassan doka. An ci kamfani tara mai nauyi, an umarce shi ya gwada duk makunnansa ya kuma kai wa hukuma rahoton gidajen masu injin numfashi. Manaja ya yi magana mai tsawo, bai ambaci alkawarin bayan ƙofa ba. Sufeto ta faɗi abin da ta gani duka, har da wanda bai yi wa kamfani daɗi ba, ta roƙa a sassauta. Aka soke izinin aikin Mai Tasha. Ya ji hukuncin kamar ana maganar wani. A zaune a wurin ya gama yanke nasa: yana fita zai nemi mota, ya ɗauki tukunya, ya kai ta gida, likita ya ce abin da zai ce.

Da aka miƙo masa wayarsa a bakin ƙofa, ya ga kiran Auta jere har ƙasan allo. Bai kira ba. Ya tsayar da mota, ya biya ta gida ya ɗauki tukunyar duk da haka, ya rungume ta a cinya har asibiti.

Auta na zaune a dakalin baranda da jakar kayan Tela a gabanta, an ɗaure bakin jakar. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta rufe fuska da gyale. Ya ajiye tukunyar kusa da ita ya wuce ciki, don bai yarda Tela ta rasu ba sai ya gani da idonsa.

An canza zanen gadon. Wata mata ce a kai, ana gyara mata bututu a hanci, mijinta na tsaye riƙe da filas da bargo, yana waige-waige irin na sabon zuwa. Da ya ga mutum tsaye da rigar kamfanin wuta, sai ya matso ya gaishe shi, ya rage murya don kada matar ta ji.

"Don Allah malam, nan wuta ba ta ɗaukewa ko?"

Mai Tasha ya dubi bututun da ke bango.

"Ba ta ɗaukewa," ya ce. "Ka kwantar da hankalinka."

Mutumin ya yi godiya, ya jawo kujerar roba ya zauna.